Yadda na nemi kwangilar teburan ɗalibai a wata babbar makaranta a Kebbi, tun daga tanda har shigowar alat

Shekara goma sha huɗu ke nan ina da shagon walda da kafinta a Birnin Kebbi. Muna yin ƙofofi da tagogi da gadaje, da teburan makaranta masu ƙafar ƙarfe da saman katako. A mafi yawan shekarun nan, aikin manyan makarantu ta hannun wasu yake iso ni. Ɗan kwangila ya karɓo daga jami'a ko kwaleji, ya zo ya matse ni a ciniki, in ƙera, ya kawo mota ya kwashe ya kai da sunan kamfaninsa. Kura da shan bugu, gardi da kwasar kuɗi. Na daɗe ina ɗauka cewa sai mai ubangida ke samun irin wannan aiki. Ban ce sanayya ba ta aiki a ƙasar nan ba, amma abin da na gani da idona shi ne yawancinmu masu sana'a tun a takarda muke faɗuwa, kafin ma a kai ga maganar wa ka sani. Don haka nake rubuta wannan, ko wani zai huta da wahalar da na sha.

A 2019 na yi wa shagon rajista a hukumar CAC a matsayin kamfani, bisa shawarar yayana. Sai a 2022 na fara gwada sa'ata, da na ga sanarwa a allon wata makarantar gwamnatin tarayya a jiharmu. Na haɗa abin da nake da shi na jefa a akwatin tanda, wato akwatin da masu neman kwangila ke jefa takardunsu. Ranar buɗewa aka tara mu a wani zaure, akwatin na gaba da kwaɗo biyu a jikinsa, agogon bango na sama da shi. Sha biyu na rana na cika aka rufe rajista. Bayan kamar minti bakwai wani dattijo ya shigo da gudu, ya taso daga Sakkwato, ambulan a hammata, gumi ya jiƙa masa riga. Ya yi roƙo, ya ce taya ce ta fashe musu wajen Argungu. Jami'in ya miƙe tsaye don girmamawa ya ce, "Alhaji, ka yi haƙuri, wallahi ba ni da ikon karɓa." Haka ya koma da ambulan ɗinsa ba a buɗe ba. Daga nan aka shiga buɗe na sauran ɗaya bayan ɗaya, ana kiran sunan kamfani, ana ɗaga kowace takarda ana cewa akwai ko babu, wani na cikewa a jadawali. Akwai baƙi biyu da ba ma'aikatan makarantar ba, masu sa ido, domin dokar sayayyar gwamnati ta 2007 ta ce a gayyaci irinsu, ɗaya daga ƙungiyar ƙwararru, ɗaya daga ƙungiyoyin da ke bibiyar yadda ake kashe dukiyar jama'a. Da aka zo kaina, babu ta fi akwai yawa. Shaidar biyan harajina ta bara ce, ta mutu tun 31 ga Disamba. Ban taɓa jin sunan rajistar BPP, hukumar da ke sa ido kan sayayyar gwamnatin tarayya, ba sai a zauren nan. Ambulan ɗin farashina ko taɓa shi ba a yi ba.

Bayan mako biyu na cire kunya na koma sashen sayayya na makarantar. Na sami wani jami'i mai furfura, na gaishe shi na ce, "Yallaɓai, ba ƙorafi na zo yi ba, so nake a nuna mini inda na kuskure." Ya jawo sanarwar, ya bi ta da ni layi-layi da bakin biro. Shi ya fahimtar da ni cewa kwamitin tantancewa ba ya duba kyan aikinka sai takardunka sun cika, kuma takarda ɗaya in ta ɓace, ko farashinka ya fi na kowa sauƙi an ajiye ka. Ya ƙara da cewa wanda ke ganin an zalunce shi yana da kwana 15 na aiki ya rubuta wa shugaban makaranta, in bai gamsu da amsa ba ya ɗaukaka zuwa hukumar BPP a Abuja, daga can sai Babbar Kotun Tarayya. Ni dai ba a zalunce ni ba, shiri ne ban yi ba.

Watan Janairun 2023 na kamawa na fara tara takardu, ba tare da an fitar da wata sanarwa ba. A nan ne aikin yake, kuma jerin yana da muhimmanci, domin wata takardar ba ta fita sai da wata. Na fara da biyan kuɗin sabunta bayanan kamfani na shekara-shekara a CAC, wanda na yi shekara biyu ban yi ba, sai da na biya tara. Sannan na ɗauki akanta mai lasisi ya tsara mini asusun kamfani na shekara uku, 2020 zuwa 2022. Ya sha fama da ni, don rabin cinikina a littafin makaranta mai layi nake rubuta shi, wani kuma a kaina yake. Da wannan asusu ya shigar da bayanai a manhajar TaxPro Max ta FIRS, hukumar haraji ta tarayya a lokacin. Da yawa cikinmu mun ji cewa kamfanin da cinikinsa bai kai naira miliyan 25 a shekara ba an ɗauke masa harajin kamfani, sai muka ɗauka shi ke nan ba ruwanmu da ofishin haraji. Kuskure ne. Biya aka ɗauke maka a lokacin, amma kai bayanai na nan a wuyanka, kuma in ba ka kai ba babu shaidar haraji. Tawa ta ɗauki kusan mako biyar kafin ta fito. Daga nan na nemi shaidar NSITF, asusun diyyar ma'aikacin da ya ji rauni a bakin aiki, inda ake biyan kashi 1 cikin 100 na albashi, da ta ITF ta horar da ma'aikata, wadda ta hau kaina saboda yarana na dindindin shida ne, ita kuwa a lokacin daga mutum biyar take farawa. Sai da waɗannan suka kammala na iya cike rajistar BPP ta intanet, aka ba ni takardar wucin gadi mai nuna cewa sunan kamfanina na cikin kundin 'yan kwangilar gwamnatin tarayya. Duk wannan a tsakiyar ƙarancin takardun naira na watan Fabrairu nake yin sa, lokacin da kuɗin hoton takarda da na ɗan acaɓa ma sai ka yi layi a wurin mai POS.

Sanarwar ta fito a cikin azumi, a watan Afrilu. A jarida na fara ganinta, sannan na je na tabbatar a allon makarantar. Irin waɗannan sanarwa ana buga su a jaridun ƙasa biyu da mujallar tanda ta gwamnatin tarayya, kuma duk mai wannan nema ya kamata ya riƙa leƙa allunan makarantun da ke kusa da shi, a Birnin Kebbi da Kalgo da Aliero da Argungu da Zuru. Aikin na asusun TETFund ne, wanda a lokacin ake tarawa daga harajin ilimi da kamfanoni ke biya, kuma shi ke ɗaukar yawancin gine-gine da kayan aiki a manyan makarantun gwamnati, na tarayya da na jiha. An raba aikin rukuni-rukuni: gini, kwamfutoci, kayan ɗakin gwaji, sai rukunin da na nema, tebur mai haɗe da benci na mutum biyu guda 150. Kuɗin fom naira 10,000 ne kowane rukuni, ba a mayarwa, kuma ba a hannu ake bayarwa ba. Sai ka ciro lambar Remita a shagon intanet, ka biya a banki kuɗin ya shiga asusun bai-ɗaya na gwamnati, ka kai shaidar ofishin basa, mai kula da kuɗin makaranta, a ba ka rasit, sannan ka kai rasit sashen sayayya a miƙo maka kundin tanda. Wuni guda cur ya ci mini, da azumi a baki.

Kundin na zauna na karanta shi sau uku, inda Turancin ya fi ƙarfina ɗan yayana ya fassara mini. An faɗi kaurin fayif, da kaurin katako, da irin fenti, da tsawo da faɗi, har da zane. An nemi takardar rantsuwa daga kotu cewa babu wani ma'aikacin makarantar ko na BPP da ke da hannun jari ko wata moriya a kamfanina, kuma duk abin da na gabatar gaskiya ne. Wannan a safiya ɗaya na gama ta. An nemi wasiƙar banki mai nuna za su iya tsaya mini, da shaidar ayyuka uku irin wannan da na yi a cikin shekara biyar. A nan na ji zafin shekarun da na yi ina ƙera wa wasu, domin dubban teburan da suka fita daga shagona babu ko ɗaya da sunana a takarda. Abin da ya cece ni ayyukan da na yi wa makarantun kuɗi biyu da wata Islamiyya kai tsaye. Na bi su ɗaya bayan ɗaya suka rubuta mini shaidar ba da aiki da ta kammalawa, na ɗauki hotuna na haɗa. Maganar fansho kuwa, sanarwar ta ce sai mai ma'aikata 15 zuwa sama, don haka wasiƙa kawai na rubuta na bayyana adadin yarana. Hatta takardar kamfani mai kan wasiƙa sai da na sake bugawa, don an ce dole ta ƙunshi lambar rajista da sunayen daraktoci da ƙasarsu.

Wajen farashi ne na yi kuskuren da ya fi ci mini rai. Na buga waya Kano, na ji kuɗin fayif a kasuwar Ƙofar Ruwa da na katako a Na'ibawa, na haɗa da kuɗin mota da fenti da ladan yara, na ɗora riba daidai gwargwado, na tsaya a naira 60,000 kowane tebur. Jimla miliyan 9, da harajin VAT na kashi 7.5 ya zama 9,675,000. Na kai wa maigidana da ya koya mini sana'a ya duba. Ya daɗe yana kallon takardar sannan ya ce, "Yaro, wannan farashin yau ne. Gwamnati kuwa ba yau take biya ba." Na ce, "Baba, in na ƙara wani zai kayar da ni." Ya yi shiru bai ƙara magana ba. Kundin ya ce farashina zai tsaya kwana 90 ba canji, na sa hannu a kan haka. Na zuba takardun cancanta a ambulan ɗaya, farashi a wani, na rufe kowanne, na haɗa su a babban ambulan na rubuta lambar rukuni a gaba da sunan kamfani a baya. Tun ana saura kwana biyu na kai na jefa, na sa hannu a rajista. Dattijon Sakkwato bai fita raina ba.

An buɗe a farkon Mayu, kuma a wannan karon duk abin da aka kira a kaina akwai ne. Bayan kamar mako uku, ina tsugune ina walda, sai ga farar mota ta tsaya a ƙofar shago, mutum uku suka fito. Ba su sanar da ni za su zo ba. Suka duba injin walda da janareto, suka ƙirga yara, suka nemi ganin asalin takardun da na ba da hotonsu. Ɗayansu injiniya ne, ya ciro ɗan ma'aunin ƙarfe daga aljihu ya kama bakin wani fayif da ke jingine, ya duba, ya rubuta. Na kawo musu lemo suka ce sun gode, ruwa kawai suka sha. A tsakiyar Yuni aka kira mu da muka tsallake, mu biyar, aka buɗe farashi a gabanmu ana karantawa da ƙarfi. Ni ne na biyu a sauƙi, na koma gida na cire rai. Ashe wanda ya fi ni sauƙi ya yi kuskuren lissafi, jimlar da ya rubuta ba ta yi daidai da farashin ɗaya-ɗaya ba, kuma ƙa'ida ita ce a bi farashin ɗaya-ɗaya a gyara jimla. Da aka gyara sai ya haura ni. Bayan Babbar Sallah, a cikin Yuli, aka kira ni in zo in karɓi takardar ba da kwangila.

Na yi murna, amma murnar ba ta kai gida ba. Tsakanin ranar da na rubuta farashi da ranar da na karɓi takardar, ƙasar ta juya. Ranar 29 ga Mayu aka cire tallafin man fetur, litar da ake saya ƙasa da naira 200 a gidajen man gwamnati ta haura 500, a Yuli ta wuce 600. A tsakiyar Yuni kuma aka saki naira ta nemi darajarta a kasuwa. Fayif ya tashi, fenti ya tashi, kuɗin mota daga Kano ya kusa ninkawa. Na rubuta wasiƙar amincewa, na sa hannu a yarjejeniya a ofishin lauyan makaranta, sannan na tambaya ko za a duba farashin. Aka nuna mini sakin layin da ya ce farashi tsayayye ne. Na nemi kuɗin kafin alƙalami, wanda doka ta yarda a ba ɗan kwangilar gida har kashi 30 cikin 100, amma sai ka kawo takardar lamuni daga banki ko kamfanin inshora. Bankina ya nemi in ajiye kadara, ba ni da ita. Wani kamfanin inshora ya ba ni bayan na biya kuɗinsu, sai dai kafin a tantance takardar kuɗin su shigo an ci mako uku cikin mako takwas da aka ɗibar mini. Da na sani da tun ranar buɗe farashi na fara neman wannan takarda. Sai da na sayar da bijimai biyu da nake kiwo, yayana ya ranta mini sauran.

A nan ne wani abokin sana'a ya ba ni shawarar in sayi fayif mai ƙarancin kauri, ya ce in an shafa fenti ba mai ganewa. Na kwana ina juya maganar, ba zan ɓoye ba. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne 'ya'yanmu ne za su zauna a kan teburan nan, kuma na sha ganin azuzuwan da aka zuba wa kaya sababbi, shekara ba ta zagayo ba ƙafafu sun lanƙwashe an tara su a bayan aji. Na sayi abin da aka rubuta. Muka yi aikin a tsakiyar damina, fenti ba ya bushewa da wuri, wuta ba ta samuwa, janareto na shan mai kamar rami. Kowane tebur sai da muka buga masa tambarin TETFund da shekarar aikin, kamar yadda aka sharɗanta.

A ƙarshen Satumba muka kai kaya a mota biyu. Ba aji ake kaiwa kai tsaye ba, sito ake fara sauke su. Aka haɗa kwamitin dubawa: ma'ajin sito, da mai binciken kuɗi na cikin gida, da injiniyan nan mai ma'auni, da wakilin sashen da za su yi amfani da kayan. Suka ƙirga ɗaya-ɗaya, suka juya wasu suka duba walda ta ƙasa. Guda shida aka ware saboda tsatsa ta fara fitowa ta ƙarƙashin fenti inda ruwa ya taɓa su a hanya. Gaskiyarsu ce. Na mayar da su na kankare na sake fesawa, bayan kwana huɗu na dawo da su, sannan ma'ajin sito ya rubuta takardar shigar kaya. Ka riƙe wannan takarda da kyau, domin in babu ita ba a fara maganar biya. Na haɗa ta da takardar neman biya, da ta rakiyar kaya, da hoton takardar kwangila da na yarjejeniya, na miƙa, na sa aka buga mini hatimin karɓa mai kwanan wata a kan kwafina.

Daga nan sai jira. Fayil ya tashi daga sashen sayayya zuwa wurin masu bincike, zuwa ofishin shugaba a sa hannu, zuwa ofishin basa a rubuta boca. Duk Talata nake zuwa, in gaida akawun da ke riƙe da littafin shige da ficen fayil, in ce, "Malam, yau ina ya kwana?" ya duba ya gaya mini. Wani mako a ce mai sa hannu ya yi tafiya, wani mako a ce ana jiran jami'an TETFund su zo su ga kayan da idonsu, domin asusun ba ya sakin kason ƙarshe na kuɗi ga makaranta sai ya tabbatar an kawo abin da aka ce. A bakin ƙofa wani mutum, wanda ba ma'aikacin wurin ba ne, ya tare ni sau biyu yana cewa in kawo wani abu ya tura mini fayil. Ban ba shi ko sisi ba, kuma fayil ɗin ya yi tafiyarsa. Dokar ta tanadi ɗaurin shekara biyar zuwa goma ga mai irin wannan hulɗa, kamfani kuma a hana shi kwangila aƙalla shekara biyar. Ta kuma ce biyan da ya wuce kwana 60 daga miƙa takardar nema ya zama jinkiri, mai kaya na iya neman ƙari a kai. Ni ban nema ba, don kuɗin ruwa ne, amma hatimin nan mai kwanan wata shi na nuna a wasiƙar tuni da na rubuta a ƙarshen Nuwamba, cikin ladabi, na kai ofishin shugaba.

Alat ya shigo a mako na biyu na Disamba, ina sahun sallar La'asar wayar ta yi motsi a aljihu. Da na haɗa shi da kafin alƙalami, abin da ya shigo hannuna gaba ɗaya naira 8,460,000 ne. VAT ɗin 675,000 tun daga tushe aka riƙe shi, dama ba nawa ba ne. An cire kashi 5 na harajin riƙewa, 450,000, da kashi 1 na harajin hatimi, 90,000. Waɗannan biyun ban sa su a lissafina na Afrilu ba ko kaɗan. Bayan na biya yayana da 'yan kasuwa da yara, abin da ya rage bai kai kuɗin bijimi ɗaya ba. An rage adadin harajin riƙewa a kan kawo kaya daga farkon 2025, don haka ka tambayi akanta abin da ake cirewa a shekarar da kake nema kafin ka rubuta ko lamba ɗaya, kuma ka karɓi shaidar abin da aka cire maka, tana da amfani a ofishin haraji.

Yanzu duk Janairu nake sabunta takarduna, ko da aiki ko babu, domin sanarwa mako huɗu zuwa shida take bayarwa, shaidar haraji kaɗai na iya cinye su. Ina ajiye kwafi uku na komai a jaka ɗaya, asali kuma ba ya barin gida sai an nema. Kowane aiki na yi, ko na benci goma ne a makarantar unguwa, sai na karɓi takarda da sunan kamfanina. In zan yi farashi, ina tambayar kaina nawa fayif zai kai nan da wata shida, in ɗora abin da za a cire, in ɗora kuɗin inshora da na zirga-zirga, in kuma abin bai fita ba in bar wa wani. Wanda bai taɓa yi ba, ina ba shi shawara ya fara da ƙananan sayayya, waɗanda makaranta ke neman farashi daga wurin mutum uku ta zaɓa ba tare da buga jarida ba. Ka je sashen sayayya ka tambayi yadda ake shiga jerin masu kawo musu kaya.

Mako guda bayan biyan na sake komawa makarantar, akawun ya yi mamakin ganina, ya ce, "Malam, ba an sallame ka ba?" Na ce saura takardar shaidar kammala aiki. Ta ɗauki kwana tara kafin a sa mata hannu. Ranar da na je karɓa na bi ta gefen azuzuwan, na leƙa ta taga, ɗalibai na rubuta jarrabawa a kan teburan, biyu-biyu. Na sa takardar a leda, na zura ta a jakar, a saman ta Islamiyyar nan.